Wa Ya Ɗora Magajin Garin Kumasi, Wa Kuma Zai Iya Sauke Shi?

Wata Asabar da safe ina zaune a bencin mai shayi a unguwar Aboabo, ana ta maganar cunkoson Adum da Kejetia, wato manyan wuraren kasuwanci na tsakiyar Kumasi, a rediyo, sai wani dattijo da nake ganin girmansa ya ajiye kofinsa ya ce Kumasi ta daɗe ba ta samu namijin magajin gari kamar na yanzu ba. Na ce, "Baba Alhaji, me ya yi da ya ci wannan yabo?" Ya ce, "Haba Malam, ai da kunnenka ka ji. Mutumin da ya fito fili ya ce zai sa a zane duk wanda ya baza kaya a kan hanya, ai wannan aiki ya zo yi." Samari biyu da ke gefe suka gyaɗa kai. Ɗaya daga cikinsu pragya yake tuƙawa, wato keken haya mai ƙafa uku, kuma na san mahaifiyarsa albasa take kasawa a bakin titi, domin ba ta da rumfa.

Ban ja maganar a wurin ba, saboda ba a musu da babba a gaban yara. Amma abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, ina ta tambayar kaina yadda aka yi har ɗa zai gyaɗa kai a kan alkawarin da aka yi na dukan uwarsa.

Maganar da dattijon yake nufi sananniya ce. A watan Afrilun 2025, jim kaɗan bayan an tabbatar da shi a kan kujera, Richard Ofori Agyemang Boadi, wanda aka fi sani da King Zuba, ya ba masu sayar da kaya a gefen titunan tsakiyar birni wa'adin mako biyu su tashi, ya kuma yi barazanar cewa wanda ya ƙi zai sha duka. An yi ta suka a gidajen rediyo da Facebook, wasu kuma suka yi ta yabo, daga baya ƙura ta lafa.

Ra'ayina shi ne, magajin garin Kumasi ya kamata mutanen Kumasi ne su zaɓe shi da ƙuri'arsu, su kuma sauke shi da ita. Muddin daga Akara ake aiko shi, to wa'adin mako biyu da muzurai su ne gaisuwar da kowane sabon magajin gari zai fara yi mana, ko daga wace jam'iyya ya fito, domin wanda ake kora daga bakin titi ba shi da komai a hannu da zai rama da shi. Ba na riƙe mutum ɗaya da laifi a wannan magana. Damuwata tana kan kujerar da kuma hanyar da ake bi a hau ta.

Yadda ake hawa kujerar

Sashe na 243 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce shugaban ƙasa ne yake naɗa shugaban kowace ƙaramar hukuma, bayan ya samu amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar yankin da suka halarci zaman suka kaɗa ƙuri'a. A takarda wannan ya yi kama da birki. Sai dai shugaban ƙasan nan shi ne kuma yake naɗa har kashi 30 cikin 100 na 'yan majalisar da za su kaɗa wannan ƙuri'a, ke nan tun kafin a kawo akwati ɗan takararsa ya riga ya kama kusan rabin abin da yake buƙata. Sauran su ne asambuliman ɗinmu, wato wakilan da muke zaɓa a unguwanni, waɗanda kowa ya san irin lallashi da matsin lambar da suke sha a makon ƙuri'ar.

Wani lokaci sukan yi ta maza. A 2021 'yan Majalisar Birnin Kumasi, wato KMA, sun ƙi amincewa da Sam Pyne a zagayen farko, sai a zama na gaba ya tsallake. Amma ko da sun ƙi mutum har ƙarshe, iyakar abin da zai biyo baya shi ne shugaban ƙasa ya aiko da wani sunan, kuma ranar da ya ga dama yana iya sauke wanda ya naɗa ba tare da ya nemi shawarar ko mutum ɗaya daga Bantama ko Asafo ba.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Magajin gari ya san wanda ya ba shi ladan, ya kuma san cewa mai albasar bakin titi ba ta cikinsu.

Daga ina suka zo, ina suka nufa?

Mu dubi waɗanda suka riƙe birnin tun daga 2001. Maxwell Kofi Jumah ya hau a wa'adin farko na Shugaba Kufuor, daga nan ya wuce majalisar dokoki yana wakiltar Asokwa. Patricia Appiagyei, mace ta farko da ta hau kujerar, ta zo ne a 2005 daga muƙamin mataimakiyar ministan jihar Ashanti, daga baya ita ma ta tafi majalisa daga mazaɓar Asokwa ɗin. Samuel Sarpong ya tashi a 2013 ya zama ministan jiha. Osei Assibey Antwi ya bar ta a 2021 aka ba shi shugabancin hukumar yi wa ƙasa hidima. Sam Pyne sakataren jam'iyyar NPP ne na jihar Ashanti kafin a naɗa shi, na yanzu kuma ya taɓa shugabantar ƙaramar hukumar Obuasi a mulkin Mahama na farko.

Babu abin kunya a ce ɗan siyasa ya ci gaba. Abin lura shi ne, a cikinsu babu wanda ƙuri'ar mutanen birni ta ɗora a kan wannan kujera, babu kuma wanda ita ta sauke. Mu da muka tashi a zango mun san asalin kalmar: wurin da fatake suke sauke kaya su huta kafin su ci gaba da tafiya. Kakanninmu masu fataucin goro sun yi zango a Kumasi, suka zauna, suka hayayyafa, har yau ga mu. Kujerar magajin gari kuwa ta riƙe ma'anar kalmar ta asali, domin duk wanda ya hau ta idonsa yana kan hanyar da ke gaba.

Labarin Kojo Bonsu ne ya fi fito da abin fili, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Ɗan kasuwa ne kuma mutumin harkar wasanni, wanda Shugaba Mahama ya naɗa a 2013. Ko maƙiyinsa ba zai ce bai bar abin nunawa ba. A zamaninsa aka gina wurin shaƙatawa na Rattray Park da aka buɗe a 2015, a zamaninsa kuma aka fara aikin sabuwar kasuwar Kejetia. A lokaci guda akwai dubban masu ƙananan shaguna da direbobin tasha da aka tayar domin wannan aiki, waɗanda suka yi ta kuka a kan inda aka mayar da su da kuma makomar shagunansu. Kukansu bai girgiza kujerarsa ba ko kaɗan.

Abin da ya girgiza ta ya zo ne a 2016, lokacin da saɓani ya shiga tsakaninsa da sarakunan Asante a kan matsayin basaraken da yake wakiltar Manhyia, fadar Sarkin Asante, a aikin na Kejetia. Sarakunan suka ɗauki abin da ya yi a matsayin raini, suka yanka dabba bisa al'ada alamar sun raba gari da shi. Ya ba da haƙuri, haƙurin bai karɓu ba, a watan Yulin shekarar ya ajiye aiki. Ba na shiga tsakanin sarakuna da wanda suka ce ya ɓata musu, kuma duk wanda ya zauna a Kumasi ya san cewa Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, wanda yake kan gadon sarauta tun 1999, uba ne ga kowa har da mu baƙin da muka zama 'yan gari. Abin da nake so a gani shi ne darasin da kowane magajin gari na bayansa ya ɗauka: a aikace ƙofofi biyu ne ake fitar da mutum ta cikinsu, ta fadar shugaban ƙasa da ta Manhyia. Ƙofa ta uku, wadda ya kamata a ce makullinta yana hannun talakan birni, ba a gina ta ba tukuna. Shi kuwa Kojo Bonsu tafiyarsa ba ta tsaya ba, domin a 2023 ya nemi tutar jam'iyyar NDC ta takarar shugaban ƙasa.

To, mutumin da ya san shekara huɗu yake da ita, mai yiwuwa ma ba za ta cika ba, kuma waɗanda za su auna aikinsa suna zaune a Akara, wane aiki zai fara da shi? Wanda ake gani a talabijin da yamma. Share titi daga masu talla ba ya cin kuɗi mai yawa, kwana biyu ya isa, kuma hotonsa yana da kyau. Yashe kwata, gina banɗakin jama'a a unguwar da gida mai ɗaki 15 ba shi da ko ɗaya, ko gyara yadda ake kwashe shara zuwa bolar Oti, waɗannan ayyuka ne masu cin shekaru da kuɗi, kuma ba wanda zai ba ka muƙamin minista saboda su.

"Ai su ma masu kasa kayan da laifinsu"

Wannan shi ne abin da aka fi faɗa mini, kuma ba zan musa ba. Duk wanda ya bi ta Adum ko Roman Hill ko Dr. Mensah da rana tsaka ya san cewa hanyar da aka yi domin masu tafiya a ƙasa ta zama kasuwa, mai tafiya ya koma tsakiyar titi yana kokawa da trotro, wato ƙananan motocin haya. Asibitin Komfo Anokye yana nan kusa, kuma na sha ganin motar ɗaukar marar lafiya tana ta jiniya ba ta motsi. Akwai kuma waɗanda suke da shago a cikin kasuwa, suka rufe shi ko suka mayar da shi sito, suka fito bakin titi saboda a nan mai saye yake wucewa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma kafin a ce wa mutum ya tashi, ai sai a nuna masa inda zai zauna. Kashi na farko na sabuwar Kejetia yana da shaguna sama da 8,000, kuma bai ishi masu nema ba. A watan Mayun 2019 aka aza harsashin kashi na biyu, daga baya aka rushe babban ɓangare na tsohuwar kasuwar Central, aka watsa masu rumfuna zuwa Racecourse da Abinkyi da sauran wurare, da alkawarin za su dawo cikin sabon gini. Da ƙasa ta faɗa rikicin bashi a 2022, aikin ya tsaya cik. Kasuwar Krofrom kuwa tun zamanin Kufuor aka fara ta, yaran da aka haifa a lokacin sun kai shekarun kaɗa ƙuri'a ba su ga an buɗe ta ba. Sannan a watan Maris na 2025 gobara ta cinye ɗaruruwan shaguna a Adum, makonni kaɗan kafin a ba da wancan wa'adi na mako biyu.

Mace mai 'ya'ya huɗu da aka rushe wa rumfa, aka mayar da ita inda ciniki ba ya zuwa, idan ta dawo bakin titi da farantinta ba taurin kai ne ya dawo da ita ba. Lissafin kuɗin koko da ƙosai na gobe ta yi. Kuma tambayi kowace mai kasa kaya, za ta gaya maka cewa a wurin nan da ake cewa haramtacce ne ake zuwa a yanka mata tikiti ta biya. Hukumar da ta karɓi kuɗin mutum da safe, da wane ido za ta kira shi mai laifi da yamma?

Haka aka yi da masu pragya a 2023, lokacin da KMA ta hana su shiga tsakiyar birni, har abin ya kai ga arangama da jami'an tsaro. Da yawa daga cikin yaran nan namu ne, daga Aboabo da Sawaba da Asawase da Moshie Zongo, kuma ba na kare tuƙin ganganci da wasunsu suke yi. Sai dai pragya ta cika gari ne saboda birnin ba shi da tsayayyen tsarin motocin haya na jama'a, kuma samari ba su da aiki. An hana alamar ciwon, ciwon kuma yana nan.

"Wanda aka zaɓa zai ji tsoron taɓa kowa"

Wannan hujja tana da nauyi. Ana cewa magajin garin da yake neman ƙuri'ar 'yan kasuwa ba zai iya ce musu su matsa ba, sai gari ya ƙara lalacewa.

Amsata ita ce, wannan tsoron yana nan tun yanzu, an dai karkatar da shi ne zuwa wani waje. Kowa a Kumasi ya san kalandar: shekarar farko ta sabuwar gwamnati ana kora, shekarar zaɓe kuma sai a yi shiru, masu talla su dawo har su fi da yawa, domin jam'iyya ba ta son a ɓata wa kowa rai kafin Disamba. Ashe wanda aka naɗa ma yana lissafin ƙuri'a, sai dai ƙuri'ar maigidansa yake lissafawa. Idan ta faɗi, laifin ya narke cikin maganar farashin mai da darajar sidi da sauran manyan batutuwan ƙasa, ba wanda zai ce kwatar Kumasi ce ta kayar da shugaban ƙasa.

Sannan masu wannan hujja suna mantawa cewa ba masu talla kaɗai ne suke da katin zaɓe ba. Direban trotro da yake ɓata awa guda tsakanin Suame da Kejetia yana da shi, mai shagon da aka toshe wa ƙofa yana da shi, ma'aikaciyar jinya da take makara a aiki ita ma tana da shi. Wanda zai nemi ƙuri'ar waɗannan duka dole ne ya zauna da sarauniyoyin kasuwa da shugabannin direbobi ya fito da tsarin da kowa zai iya haƙuri da shi, misali a ce ga titunan da ba a kasa kaya ko kaɗan, ga waɗanda ake kasawa daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ga kuma ranar da za a buɗe kasuwa kaza. Irin wannan yarjejeniya ta fi bulala daɗewa, saboda waɗanda aka yi ta da su su ne za su tsare ta.

Maganar jam'iyya

Wasu abokaina na NDC, jam'iyyar da take mulki, suna cewa idan aka bar wa zaɓe, to NPP ce za ta riƙe Kumasi har abada, kuma duk lokacin da NDC take mulki za a samu magajin gari mai yi wa gwamnati zagon ƙasa, ko gwamnati mai hana birni kuɗi. Gaskiya ne cewa mazaɓu biyar da suka rage a ƙarƙashin KMA, wato Bantama, Subin, Nhyiaeso, Manhyia ta Kudu da Manhyia ta Arewa, duk NPP suka zaɓa a 2024. Amma a juya maganar a gani. Yau birnin yana hannun jam'iyyar da mutanensa ba su zaɓa ba, kamar yadda mu a Asawase muka yi shekara takwas muna zaɓen NDC alhali shugaban ƙaramar hukumarmu ɗan NPP ne. Wanda ya ji zafin na biyun bai kamata ya ga daidai a na farkon ba.

Cewa ɗan adawa ba zai iya riƙe babban birni ba, Firitawun ta ƙaryata shi. Yvonne Aki-Sawyerr ta ci zaɓe a 2018 ta sake ci a 2023, alhali jam'iyyarta ba ita ke mulkin Saliyo ba. An yi ta takun saƙa tsakaninta da gwamnati, amma gari bai rushe ba. Dakar kuma ta nuna ɗaya fuskar, inda Khalifa Sall, wanda ya hau a 2009, ya ƙare a kurkuku a 2017, magoya bayansa suna cewa siyasa ce. Haɗarin yana nan, kuma maganinsa shi ne a ɗaure hannun gwamnatin tsakiya a kan kuɗi. Sashe na 252 ya riga ya ce aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa na ƙananan hukumomi ne, majalisar dokoki ce kuma take amincewa da ƙa'idar rabon. Abin da ya rage shi ne a tilasta biya a kan lokaci, domin jinkirin wannan kuɗi tsohon ciwo ne ko da magajin gari da shugaban ƙasa 'yan gida ɗaya ne.

'Yan'uwanmu na Najeriya za su ce su ai suna zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi, kuma jam'iyyar gwamna ce take lashe kusan duka. Haka ne, amma a can hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, gwamna ne kuma yake naɗa ta. A nan hukumar zaɓe ɗaya ce, wadda ta sha bayyana faɗuwar jam'iyya mai mulki, a 2000 da 2008 da 2016 da 2024.

Mun taɓa zuwa bakin gaɓa. An sa ranar 17 ga Disamban 2019 domin ƙuri'ar raba gardama a kan sashe na 55(3), wanda ya hana jam'iyyu shiga zaɓen ƙananan hukumomi. NDC ta ce a ƙi, kan sarakuna ya rabu, sai Shugaba Akufo-Addo ya soke ƙuri'ar ranar 1 ga watan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, gyaran sashe na 243, wanda shi ne zai ba mu damar zaɓen magajin gari, ba ya buƙatar ƙuri'ar raba gardama, majalisar dokoki kaɗai ta isa ta yi shi, amma aka janye shi tare da ɗayan. Jam'iyyun biyu kowacce ta sha yin alkawarin wannan gyara tana adawa, kowacce kuma in ta hau sai ta ga daɗin muƙamai 261 da take rabawa. Ni a ganina, a yi zaɓen da tutar jam'iyya ko babu ita, wannan gardama ce ta biyu, bai kamata ta riƙe ta farko ba.

Mu 'yan zango fa?

Bayan kwana uku na je gaishe da Baba Alhaji a gida, na faɗa masa abin da ke raina. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi mini tambayoyi biyu da suka fi duk abin da na ji a rediyo nauyi. Ya ce, "Malam, mu da ba mu da yawa, in an ce ƙuri'a ce, yaushe ɗanmu zai hau? Kuma in an ba mu ƙuri'ar, a wane akwati za mu jefa, na Asokore Mampong ko na masu iko da Kejetia?"

Ta farkon tana da amsa. Gaskiya ne naɗi yakan kawo namu wani lokaci, kuma Asokore Mampong, ƙaramar hukumarmu, ta ga shugabanni 'yan zango a ƙarƙashin jam'iyyun biyu. Amma abin da aka ba ka kyauta ana iya karɓe shi ba tare da an tambaye ka ba. A 2021 wanda aka naɗa mana shi ne Kennedy Kankam, tsohon ɗan majalisar Nhyiaeso. Ba na cewa komai a kan aikinsa, ina cewa ne ba a nemi bakinmu ba. Kujerar da muka riƙe da ƙuri'a kuwa, wato ta Asawase, Muntaka Mohammed-Mubarak yana kanta tun 2005, kuma mu ne muke da ikon barinsa ko sauke shi. A zaɓen birni gaba ɗaya, al'ummar da take jefa ƙuri'arta wuri ɗaya tana da daraja fiye da yawanta, domin duk ɗan takarar da ya ga tazara ta matse dole ya zo ya zauna a gaban Sarkin Zango da limamai da magajiyoyi, ya faɗi abin da zai yi a gaban shaidu.

Tambaya ta biyu ce ta hana ni barci, domin dattijon ya taɓo inda hujjata take da rauni. A 2012 aka cire Asokore Mampong daga KMA, tare da Aboabo da Asawase da Sawaba da Adukrom. A 2018 aka ƙara cire Oforikrom, Asokwa, Suame, Kwadaso da Old Tafo. Yankin da a ƙidayar 2010 yake da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, a ƙidayar 2021 bai kai rabin miliyan ba. Wanda muke kira magajin garin Kumasi a yau yana mulkin tsakiyar gari ne kawai, inda kasuwanni da manyan tashoshi da mafi yawan kuɗin shiga suke, alhali galibin masu cika kasuwannin nan da rana a wasu ƙananan hukumomi suke kwana. Ko gobe aka fara zaɓen, mai albasar nan da ɗanta mai pragya ba za su samu ƙuri'a a kan mutumin da yake yanke hukunci a kan abincinsu ba.

An raba birnin ne da sunan kawo mulki kusa da jama'a, kuma ba zan ce bai yi amfani ko kaɗan ba, domin neman takardar haihuwa ko izinin gini ya fi sauƙi idan ofishin yana kusa. Amma ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Rafin Aboabo yana tasowa ne daga wajen Tafo, ya ratso Moshie Zongo, ya bi ta bayan gidajenmu, ya wuce Anloga, ya gangara Asokwa. Ledar da aka jefa a sama ita ce take toshe gada a ƙasa, kuma idan damina ta yi ƙarfi ruwa ya shiga ɗakunan mutane, kowane shugaba yana da damar nuna maƙwabcinsa da yatsa. Haka zancen yake a kan cunkoson motoci da shara da hayaƙi.

Saboda haka zaɓen da nake kira a yi ya kamata ya haɗa da gyaran iyaka: a samu magajin gari guda ɗaya wanda dukkan yankunan nan bakwai za su zaɓa, a ba shi manyan kasuwanni da tashoshi da magudanan ruwa da shara da tsarin motocin haya, a bar wa ƙananan hukumomin ayyukan cikin unguwa. Landan tana yin irin haka tun 2000, magajin gari ɗaya a kan gundumomi 32, kowace da majalisarta. Na san shugabannin ƙananan hukumomi shida ba za su yi murna da rage musu iko ba, KMA ma ba za ta so raba kuɗin tikitin Kejetia da kowa ba.

Akwai kuma namu laifin, wanda Baba Alhaji bai bar ni na tashi ba sai da ya tuna mini. Zaɓen asambuliman, wanda shi ne ɗan abin da yake hannunmu yanzu, ko rabin masu rajista ba sa fitowa. Na ƙarshe an yi shi a Disamban 2023, kuma a rumfar da na jefa tawa ƙuri'ar ban tarar da layi ba, jami'an zaɓen suna zaune suna hira, yaran unguwa kuma suna buga ƙwallo a filin makarantar.